Yarinyar da Ta Ƙone Gari a Littafi: Me Ya Sa Makarantun Amurka Ke Cire Carrie Daga Laburare?

A farkon Oktoban 2025 ƙungiyar marubuta ta PEN America ta fitar da rahotonta na shekara kan littattafan da ake cirewa daga makarantun gwamnati a Amurka. Ta ƙirga sau 6,870 da aka cire ko aka taƙaita wani littafi a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, a jihohi 23. Marubucin da abin ya fi shafa shi ne Stephen King, wanda ya yi suna da labaran ban tsoro: littattafansa 87 ne aka taɓa, sau 206. Cikinsu har da Carrie, littafinsa na farko, labarin wata yarinya 'yar shekara 16 mai iya motsa abubuwa da ƙarfin tunaninta, wadda ta hallaka ɗaruruwan mutanen garinsu a dare ɗaya.

Da labarin ya bazu, fahimta ta rarrabu. Wasu sun ɗauka gwamnatin Amurka ce ta hana sayar da littattafan. Wasu sun ce ai saboda tsafi da sihirin da ke ciki ne. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ba za a gane inda gizo ke saƙa ba sai an san abin da ke cikin littafin da abin da sababbin dokokin suka tanada.

Abin da ake nufi da cirewa

Babu dokar tarayya da ta haramta Carrie. Ana sayar da shi a kantunan littattafai da intanet, kuma yana nan a yawancin laburaren gari. Rigimar ta laburaren makarantun gwamnati ce da 'yan kantocin littattafai da malamai ke ajiyewa a aji.

Makarantun Amurka ba a hannun gwamnatin tarayya suke ba. Akwai gundumomin ilimi kimanin 13,000, kowace da hukumarta, yawanci zaɓaɓɓiya, a ƙarƙashin dokokin jiharta. Saboda haka littafi na iya ɓacewa a makarantar wannan gunduma alhali yana nan a ta maƙwabciyarta. Matakan ma hawa-hawa ne. Akwai ƙorafi, inda uba ko uwa ko wani mazaunin yankin zai cike takarda ya ce littafi kaza bai dace ba. Akwai janyewa ta wucin gadi har a gama bincike. Akwai taƙaitawa, wato a ce sai 'yan manyan azuzuwa, ko sai da izinin iyaye a rubuce. Sai cirewa baki ɗaya. PEN America tana lissafa janyewa da taƙaitawa da cirewa duk a matsayin haramci, jami'an jihohin da abin ya shafa kuwa ba su yarda da wannan lissafi ba. Daga nan saɓanin alƙaluma yake farawa.

Abin da ke cikin littafin

An buga Carrie a Afrilun 1974. A lokacin King malamin Turanci ne a wata sakandare a jihar Maine, albashinsa ba ya kai shi wata. Ya sha ba da labarin yadda ya jefa shafukan farko a kwandon shara, matarsa Tabitha ta tsinto su ta ce ya ci gaba. Kamfanin Doubleday ya ba shi kafin alƙalami na dala 2,500, daga baya aka sayar da haƙƙin bugu mai araha a kan dala 400,000. Fim ɗin 1976 na Brian De Palma ne ya ƙara kai sunan littafin ko'ina.

Carrie White tana zaune da mahaifiyarta Margaret a wani ƙirƙirarren gari mai suna Chamberlain. Uwar ta tsananta a wata fahimta tata ta Kiristanci da ta bambanta da ta cocin garin, tana ganin jikin mace kansa zunubi ne, kuma idan ta ga abin da ta kira laifi sai ta kulle yarinyar a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki ta ce ta yi ta addu'a. Labarin ya buɗe ne a wurin wankan 'yan mata na makaranta, inda Carrie ta fara ganin jinin al'ada. Ba wanda ya taɓa yi mata bayani, don haka ta ɗauka mutuwa za ta yi. Maimakon su taimaka mata, 'yan ajinsu suka kewaye ta suna ihu, suna jifanta da audugar mata. A daidai wannan lokaci ƙwan fitilar wurin ya fashe. Alamar farko ke nan da mai karatu zai gani a makarantar.

Daga nan abu ya yi ta ruruwa. An hukunta 'yan matan. Ɗaya daga cikinsu, Sue Snell, ta yi nadama, ta roƙi saurayinta ya kai Carrie liyafar rawa ta ɗalibai masu fita. Wata kuma, Chris Hargensen, wadda aka hana ta halartar liyafar, ta ƙulla ramuwa da nata saurayin. Suka shirya aka zaɓi Carrie sarauniyar dare, tana kan dandamali an ɗora mata kambi, suka tuntsuro mata bokitin jinin alade daga sama. Jama'a suka fashe da dariya. Carrie ta kulle ƙofofin zauren da tunaninta, wuta ta tashi, ta bi gari tana fasa gidajen mai da tsinka wayoyin lantarki. Sama da mutum 400 suka mutu, har da uwarta, wadda ta riga ta daɓa mata wuƙa, har da ita kanta.

Ba a jere King ya ba da labarin ba. Ya yi ta katse shi da ƙirƙirarrun yankan jaridu, shaidun da aka bayar gaban kwamitin bincike, da sharhin masana da suka zo bayan ɓarna. Mai karatu yana ganin manya suna ta neman wanda za su ɗora wa laifi, alhali tun shafukan farko ya riga ya ga malamai da maƙwabta da suka san halin da yarinyar ke ciki shekara da shekaru ba su tsoma baki ba. A littafinsa na 2000 kan sana'ar rubutu, King ya ce ya gina Carrie ne daga 'yan mata biyu da ya sani a makaranta, waɗanda aka yi ta tsangwama, kuma dukansu sun mutu da ƙuruciya.

Baiwar, da zamanin da ya haife ta

Mai karatu Bahaushe zai iya ɗaukar abin a matsayin maita ko shafar aljanu. A littafin ba haka aka gabatar da shi ba. Uwar ce kaɗai ke kiransa aikin shaiɗan. Masanan cikin labarin suna bayyana shi a matsayin abin gado da ke tafiya a jini, yana bayyana ga mata, yana kuma tsananta lokacin balaga ko tashin hankali. Turawa na kiran wannan iko telekinesis.

A zahiri kimiyya ba ta tabbatar da shi ba. Tun shekarun 1930 J. B. Rhine ya yi ta gwaje-gwaje a Jami'ar Duke, wasu suka biyo baya, amma a 1988 wani kwamiti na Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ya ce shekaru 130 na bincike ba su samar da hujjar kimiyya ba. Duk da haka shekarun 1970 lokaci ne da jama'a suka ɗauki batun da zafi. Wani mai suna Uri Geller yana lanƙwasa cokula a talabijin yana iƙirarin da tunani yake yi, gwamnati kuma tana kashe kuɗi a asirce kan masu iƙirarin hango abin da ke nesa, shirin da aka rufe a 1995 bayan an tantance cewa bai amfanar da aikin leƙen asiri ba. A tsakiyar shekarun 1970 ne kuma asirin MKUltra ya tonu, wato shirin hukumar CIA da ta fara a 1953, inda aka ba mutane ƙwayar LSD mai jirkita hankali, wasu ba da saninsu ba.

Wannan ne ya ciyar da littafin King na 1980, Firestarter, labarin ƙaramar yarinya Charlie McGee mai tayar da wuta da tunani. Iyayenta sun karɓi dala 200 kowannensu suna ɗalibai aka gwada musu wani magani, yarinyar ta gaji sakamakon, wata hukumar sirri ta gwamnati kuma ta shiga farautarta don ta mayar da ita makami. A littattafan biyu yaron ba shi ne tushen sharri ba. Manya ne suka fara, a gida ko a makaranta ko a ofishin gwamnati, baiwar kuma ita ce hanyar da marubucin ya bi ya nuna girman abin da aka tara a zuciyar wanda ba shi da bakin magana.

Dokokin da suka sauya lissafi

Ƙorafi kan Carrie ba sabo ba ne. Yana cikin jerin littattafai 100 da aka fi kai ƙara a kansu a shekarun 1990, na Ƙungiyar Laburare ta Amurka. A da, ƙorafi ɗaya ne kan littafi ɗaya: a kafa kwamitin malamai da iyaye, su karanta shi dukansa, su yanke hukunci, littafin kuma yana kan kanta har a gama.

Tun 2021 abin ya canja. Ƙungiyoyin iyaye irin su Moms for Liberty, wadda aka kafa a Florida a wannan shekara, suka fara yaɗa jerin sunayen littattafai, majalisun jihohi kuma suka shigo da dokoki. Wadda ta fi tasiri ita ce dokar Florida mai lamba HB 1069, da ta fara aiki a Yulin 2023. Ta ce idan aka yi ƙorafin cewa littafi batsa ne, ko yana siffanta mu'amalar jima'i, dole a janye shi cikin kwanakin makaranta biyar, kuma ba zai dawo ba sai an warware ƙorafin. Ta kuma ba iyaye damar karanta sassan littafi da babbar murya a taron hukumar makarantu. Idan hukumar ta dakatar da mai karatun saboda abin ya yi muni, to littafin ya fita ke nan. Tennessee ta gyara tata dokar a 2024 ta ƙara da tashin hankali mai yawa cikin abubuwan da aka hana. Utah kuma ta ce idan gundumomi uku suka cire littafi bisa wannan dalili, a cire shi a duk makarantun jihar.

A nan Carrie ya faɗa tarko. Motsa abu da tunani ba ya cikin abin da dokokin suka ambata. Abin da ya shafe shi shi ne wurin wankan nan na farko, da wasu wurare da aka siffanta kwanciyar samari da 'yan mata, da zagi, da kisa. Wurare ne 'yan kaɗan, amma dokar Florida ba ta ce a auna su da sauran littafin ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙorafin iyaye yawa, wato tsoron ma'aikata. A Florida ba wa yaro abin da doka ta kira mai cutar da ƙananan yara babban laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, malami kuma na iya rasa lasisinsa. Ma'aikaciyar laburare mai dubban littattafai, wadda ba ta da lokacin karanta kowanne, ba ta kuma da tabbacin inda layin doka ya tsaya, za ta zaɓi abin da zai tsare mata aikinta. Gundumomi da dama sun kwashe ɗaruruwan littattafai a lokaci guda ba tare da kowa ya kawo ƙara ba. Marubuci kamar King, mai littattafai sama da 60 da aka san su da jini da tsoro, sunansa kaɗai ya isa a tattara duk abin da ya rubuta a zuba a kwali. Shi ya sa adadinsa ya zarce na kowa. Jihohi uku, Florida da Texas da Tennessee, su ne ke da kusan kashi 80 cikin 100 na duk abin da rahoton ya ƙirga.

Hujjojin ɓangarorin

Masu goyon bayan dokokin suna cewa kalmar haramci ma zuƙi-ta-malle ce, tunda duk mai so zai iya sayen littafin. Gwamnan Florida Ron DeSantis ya kira zancen yaudara, Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ma ta yi amfani da wannan kalma a Janairun 2025 lokacin da ta yi watsi da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar kan batun. Hujjarsu ita ce laburaren makaranta da kuɗin haraji ake cika shi, ba zai ɗauki kowane littafi ba, dole wani ya zaɓa, kuma iyaye sun fi kowa haƙƙin sa baki. Suna ƙara da cewa King don manya ya rubuta, kuma fim ɗin da aka yi daga littafin ma an sa masa alamar da ke hana ɗan ƙasa da shekara 17 shiga sinima sai da babba. Wannan hujja tana da nauyi, musamman idan ana maganar 'yan shekara 11 ko 12.

Masu adawa ba su musanta cewa akwai littafin da bai dace da ƙaramin yaro ba. Abin da suke ƙi shi ne uba ɗaya ya yanke wa 'ya'yan kowa hukunci. Wani bincike da jaridar Washington Post ta yi a 2023 kan ƙorafe-ƙorafe sama da 1,000 ya gano cewa mutum 11 ne suka shigar da kashi 60 cikin 100 nasu. Florida kanta ta gane matsalar, domin a 2024 ta taƙaita wanda ba shi da ɗa a makarantun gunduma ga ƙorafi ɗaya a wata. Suna kuma cewa ma'auni ɗaya ba zai yi wa ɗan firamare da ɗan shekara 18 ba, kuma ɗalibar da ake tsangwama a aji na iya samun kanta a labarin Carrie fiye da yadda za ta samu a wa'azin shugaban makaranta.

Matsayin King kansa ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Ya daɗe yana gaya wa ɗalibai cewa idan an cire littafi a makarantarsu, su je laburaren gari su nemi sanin abin da ake ɓoye musu. Amma shi ne kuma ya sa aka daina buga wani littafinsa na 1977, Rage, labarin ɗalibin da ya shiga aji da bindiga, bayan an same shi a wurin wasu matasa da suka kai hari makarantu, ciki har da harin Kentucky na 1997. Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan. Masu son cirewa na cewa ga shi marubucin da kansa ya yarda littafi na iya ingiza yaro. Ɗaya ɓangaren na cewa shi ya janye abinsa da hannunsa bisa dalili takamaimai, ba hukuma ce ta tilasta shi ba. Game da Carrie dai, makamin da yarinyar ta yi ɓarna da shi ba abu ne da mai karatu zai iya kwaikwaya ba, kuma wannan bambanci ne na gaske tsakaninsa da wancan.

Irin wannan jayayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 2007 an ƙone littattafan soyayya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano, marubuta suka yi ta kokawa cewa an yi musu kuɗin goro. Bambancin shi ne a Amurka rigimar tana ƙarewa ne gaban alƙali, kan gyaran farko na kundin tsarin mulki da ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki.

Inda kotuna suka tsaya

Shari'ar da kowa ke komawa gare ta ita ce ta Pico a 1982, inda Kotun Ƙoli ta duba cire littattafai a wata gunduma ta New York. Alƙalan da suka jagoranci hukuncin sun ce hukuma ba za ta cire littafi don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki ba, amma tana iya cire wanda batsa ta mamaye ko wanda bai dace da karatu ba. Sai dai kan alƙalan ya rabu, ba a sami rinjaye kan dalili guda ba, shi ya sa ƙananan kotuna ke fassara hukuncin yadda suka gani.

A Agustan 2024 manyan kamfanonin ɗab'i, ciki har da Penguin Random House da HarperCollins da Simon & Schuster, tare da marubuta da iyaye, suka kai jami'an Florida ƙara. Bayan shekara guda alƙalin tarayya Carlos Mendoza ya yanke cewa sashen dokar da ya hana duk abin da ke siffanta mu'amalar jima'i ya yi faɗi fiye da kima. Ya ce a koma ga ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a 1973, wanda ke duban littafi dukansa da tambayar ko yana da darajar adabi, ko ta fasaha, ko ta siyasa, ko ta kimiyya. Jihar ta ɗaukaka ƙara. A gefe guda kuma, a Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da Texas da Louisiana da Mississippi ta yanke, a wata shari'ar laburaren gari ta gundumar Llano, cewa masu karatu ba za su ƙalubalanci cire littafi da hujjar 'yancin samun bayani ba. Hukunce-hukuncen biyu sun fuskanci gabas da yamma.

Wa abin ya fi shafa

King ba zai yi asarar komai ba, hasali ma irin wannan labari talla ne ga marubucin da ya riga ya yi suna. Wanda ke ji a jikinsa shi ne ƙaramin marubuci da cinikinsa ya dogara da sayen makarantu, da kamfanin da zai fara gudun duk rubutun da ka iya jawo ƙorafi. Ɗan mai hali zai sayi littafin a wayarsa cikin minti ɗaya. Yaron ƙauye ko na unguwar talakawa, wanda laburaren makaranta ne kaɗai wurin da yake samun littafi kyauta, a wurinsa cirewa da haramci ba su da wani bambanci. Gundumomi kuma suna kashe kuɗi da lokacin ma'aikata wajen tantance dubban littattafai da biyan lauyoyi.

Iyaye baƙi da ke zaune a Amurka, har da 'yan Najeriya da Nijar, su sani cewa abin ya danganta da jiha. Illinois ta yi doka da ta fara aiki a 2024, mai hana tallafin jiha ga laburaren da ke cire littattafai saboda ra'ayi, wasu jihohi ma sun bi sahu. A gundumomi da yawa akwai hanya ta tsakiya da ta daɗe tana aiki: uba ko uwa su sanar da makaranta littattafan da ba su yarda ɗansu ya ara ba, a rubuta a kwamfutar laburare, sauran yara kuma ba a taɓa su ba. Masu goyon bayan dokokin na cewa wannan bai wadatar ba, domin iyaye ba za su san duk abin da ke kan kanta ba, kuma yaro na iya karantawa a tsaye ba tare da ya ara ba. Hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara za ta yanke kan dokar Florida shi zai nuna ko za a ci gaba da auna littafi da shafi guda ko da dukansa a Florida da Georgia da Alabama, jihohin da ke ƙarƙashin wannan kotu.